Yadda Aka Ɗauko Yaya Garba Daga Dirku

Tun da na dawo ban ɗinka riga ɗaya na gama ba sai wani ya leƙo shagona ya ce, "Idi, wai gaskiya ne?" Wai ni ne ake gani a hoton nan da ke yawo a salula, ina biye da sarkin kokowa da takalmi ƙafa ɗaya. E, ni ne. Na ba da labarin nan a majalisarmu ta bakin kasuwa, na ba da shi a ƙofar masallaci, na ba surukata, har wani mai gyaran babur da ban san sunansa ba ya tsayar da ni a hanya. Na gaji, kuma har yau ƙasusuwana suna jin motar nan. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya ƙara tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da taka kekena.

Ba kallon gari ya kai ni Dirku ba. Yayana Garba na je ɗaukowa. Mu asalinmu ƴan Adar ne. Ni na tsaya nan Agadas na koyi ɗinki, shi kuwa wata shekara da gona ta ƙi, ya wuce Dirku neman abinci, bai dawo ba. Can ya kafa teburin shayi da burodi, can ya auri Falmata, Babarbariya. A ƙuruciyarsa ɗan kokowa ne, irin ta bayan girbi, wadda ake yi ƙauye da ƙauye. Bai taɓa zuwa babban fili ba, amma a yankinmu ba wanda ya taɓa kayar da shi. Abin da yake tinƙaho da shi duk rayuwarsa ɗaya ne: tun da aka yaye shi, ba namijin da ya taɓa fin ƙarfinsa ya raba ƙafarsa da ƙasa.

Falmata ce ta kira ni. Ta ce ya faɗi gefen murhunsa da safe, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokotoron garin, wato likita, ya yi abin da zai iya, ya ce a kai shi babban asibiti a Agadas, kada a daɗe, don haɗiyar abinci ta fara yi masa wuya, bayansa kuma ya fara gyambo saboda kwanciya.

"To, ku sa shi mota mana," na ce.

"Kai ka zo ka sa shi," in ji ta. "Ni na kasa. Ɗan'uwanka ne, ka san kansa."

Motoci ba sa tafiya Dirku ɗai-ɗai. Akwai ranar da ake haɗuwa a yi ayari, soja su raka. Na sami wuri a saman wani kamiyo, babbar motar kaya, da aka yi wa lodi har ya fi ɗakina tsawo: buhunan hatsi, albasa, katifu, da awaki biyu a ɗaure. Direban Buzu ne, Agali, mai magana ƙasa-ƙasa kamar ba ya son a ji. Ya tattara kart ɗinmu, wato katin shaida, gaba ɗaya ya sa a leda, don shi yake kai su a kowane shinge. Kowa ya rataye bidon ruwansa a jikin mota, ni ma na rataye nawa.

Hawa ne ya fara tona mini asiri. Shekarata talatin a zaune bisa keke, ƙafafuna sun saba da taku amma ba su san hawa ba. Na kama igiya na tsaya a tsakiya, ba sama ba ƙasa. Sai wani hannu ya sauko ya kama ni a damtse ya ɗaga ni, ya dire ni kan buhun albasa. Na duba, wani ƙaton mutum ne cikin tsohuwar riga, ya naɗe fuska da rawani kamar kowa a motar, idanu kawai ake gani. Ban tambayi sunansa ba. Na ce, "Sannu, Ƙato," kuma Ƙato na ci gaba da kiransa har kwana biyu.

Ba mu wuce Turayat ba na gane wautata ta farko. Bidon da na saya da araha ashe gazuwal, man manyan motoci, aka taɓa zubawa a ciki. Na ɗauraye shi sau ɗaya a gida na ce ya isa. Da rana ta buge shi, ruwan ya koma abin da ko awakin nan ba za su sha ba. Na kurɓa na tofar, na kau da kai don kunya. Ƙato ya gani, ya miƙo mini nasa. Daga nan har Dirku ruwansa muka sha mu biyu, kuma na lura shi yake rage nasa kurɓin.

Kada ku tambaye ni kyan hanya. Rairayi ne, in ya ƙare wani rairayin ya fara. Abin da na fi tunawa shi ne warin albasa a ƙarƙashina da gwiwar wani a haƙarƙarina. Yawancin mutanen motar baƙi ne masu zuwa arewa neman aiki, ba ma jin harshen juna, sai wasu Tubawa uku da suka yi nasu gefe. Ga ni kuma mutum ne da bakinsa ba ya iya zama. Sai na juya kan Ƙato na buɗe masa hirar kokowa, tun da ita ce hirar da na iya.

Na ce ƴan kokowar yanzu ba komai gare su ba sai tumbi da mota da girman kai. Na ce ka ɗauki wannan Sahabi Turmi da makaɗa suke ta fasa mana kunne da shi. An ba shi takobi da mota, an ce shi ne sarkin kokowa, bara kuma wani sabon shiga da ba a san sunansa ba ya shimfiɗe shi a gaban ƙasa duka.

"Ni da nake tela," na ce, "daga telebijin ɗin mai shayi na hango ƙafarsa ta hagu a sake."

"Ka gani daidai, Kawu," in ji Ƙato. "Ta hagun ce."

"Ba ƙafa ba ce kaɗai. Raini ne. Ya raina abokin karawarsa."

Ya dubi hanya. Sannan ya ce, "Wataƙila da wannan ma."

Na ji daɗi na sami mai saurare, sai na kwance masa labarin Yaya Garba. Na ce da a zamaninsa ne, wannan Turmin ko walkinsa ba zai riƙe masa ba. Ƙato ya yi ta tambaya, wane ƙauye, da wa da wa ya kara, da wane hannu yake fara kamu. Na ɗauka ladabi ne kawai. Na gaya masa har dalilin tafiyata.

Sau huɗu muka kafe a kwana na biyu. In mota ta kafe kowa sauka yake, a tone rairayin da ke gaban taya, a shimfiɗa tol, wato dogayen faranti na ƙarfe, mota ta taka ta matsa kaɗan, a ciro su daga baya a sake kaiwa gaba. Mutum biyu suke ɗaukar tol ɗaya. Ƙato biyu yake ɗauka shi kaɗai, ya ruga gaba ya shimfiɗa, ya durƙusa ya tona da hannu. Ni aikina ba da shawara. A kafewa ta uku rairayi ya haɗiye mini takalmi ƙafa ɗaya. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan, amma sai da na ce, "Ƙato, in ka gama duba mini takalmina." Ya kuwa duba, har Agali ya yi ta danna oda. Ba a gan shi ba.

Abinci a hanya, kowa da ledarsa: garin rogo, sardin, dabino, cuku. Agali kuwa da muka tsaya bakin wata rijiya ya kwaɓa fulawa, ya ture garwashi, ya binne ƙullun cikin rairayi mai zafi. Tagalla suke ce mata. A gida in burodi ya faɗi ƙasa sai a yi ta hure-hure ko a ba kaji, su kuwa da gangan suke binne shi. Ya tono, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Tana da daɗi, ban musa ba, amma har washegari ina jin ƙasa a haƙorana.

A bariyer ɗin shiga Dirku, wato shingen soja, tsarin ya sake. Nan ba a karɓar leda a wuce. Kowa sai ya sauka, a kira sunansa, ya buɗe fuska a gwada da hoto. Wani soja yana ta kira, muna amsawa, sai ya kai wani kart ya tsaya. Ya dubi kart ɗin, ya ɗaga kai. Ƙato ya matsa gaba ya warware rawaninsa.

"Shampiyon!" sojan ya kwarma. "Kai, ku zo! Turmi ne!"

Nan da nan wurin ya rikice, kowa ya zaro salula. Agali ya jingina da taya yana dariyar da ban san yana da ita ba, don shi tun Agadas ya sani, an dai roƙe shi ya yi shiru. Masu cewa yaya ban gane shi ba, ku yi mini adalci. Ni ɗan kokowa ba riga na san shi, da layu a damtse, a cikin gilashin telebijin. Ban taɓa tunanin zan gan shi kan buhun albasa yana neman takalmin tela ba. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na lallaɓa zan sulale, sai na tarar jakata tana saman mota, kuma shi ya hau ya sauko mini da ita.

Na ce, "Don Allah ka yafe mini. Bakina ne."

Ya yi dariya. "Kawu, duk abin da ka hwaɗi mai horar da ni ya hwaɗa min. Shi har da zagi ya haɗa."

Ashe yana saurayi dako ya yi a Dirku, kafin kokowa ta karɓe shi. Tsohon da ya ba shi wurin kwana a lokacin ne ya rasu, ya zo gaisuwa. Na ce ina motar da aka ba shi? Ya ce ita kwalta ta sani, ba ta san rairayi ba.

Dirku ba ta yi kama da abin da na zata ba. Na ɗauka inda ba ruwan sama ba sauro, ashe ruwan a ƙarƙashin ƙafa yake, tono kaɗan ka same shi, sauro kuwa sun fi na Adar ƙiba. Ba a noma hatsi, duk ƙwayar da ka ci mota ce ta kawo ta. Makaroni da safe, makaroni da rana, dabino kuma ko gaisuwa ka shiga sai an tura maka. Gaisuwar Tubawa ta ba ni mamaki. Mu nan mukan yi musabaha mu wuce, su kuwa sai su tsugunna nesa da juna, fuska a rufe, su yi ta jera tambaya da amsa har ka ɗauka sun manta da kai. Masaukina ɗakin ajiyar Falmata ne, tsakanin buhun gawayi da tulin kofunan shayi. Da ta ga ƙafata ɗaya ba takalmi ta ce, "Haka telolin Agadas suke zuwa gidan mutane?" Ta ba ni silifas ɗin Yaya. Ƙafa ɗaya na saka, ɗayar ta ƙi zama, don igiyarta ta tsinke.

Yaya Garba na tarar a jingine da bango a ƙarƙashin rumfa. Rabona da shi shekara shida. Bakinsa ya karkace, hannun dama yana kwance kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Falmata takan ja shi a kan tabarma daga ɗaki zuwa inuwa, wannan ya yarda da shi, don ja ne, ba ɗagawa ba. Maganarsa ta yi nauyi, sai ka matsa kusa, amma hankalinsa garau.

"Mi ya kawo ka?" ya ce.

"Kai na zo ɗauka, Yaya."

"Ɗauka." Ya maimaita kalmar yana kallona. "Kai da wa?"

Nan na gane inda matsalar take. Ba asibiti yake tsoro ba, ba hanya ba. Ƙofar kamiyo ta fi kan mutum tsawo, ba yadda za a yi ya shiga sai an ɗaga shi, a gaban tasha, a gaban mutanen da shekara ashirin suna shan shayinsa suna jin labarin ƙafarsa da ba ta taɓa barin ƙasa ba.

"A ciccibe ni kamar buhun gishiri, ƴan dako na kallo?" ya ce. "In na zama gawa ku ɗauka, ba ni ji, ba ni gani."

Kwana uku na yi ina fama. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira limamin unguwa ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi ya ce Allah shi saka. Ina ganin yadda koko yake dawowa ta gefen bakinsa, ina ganin Falmata tana wanke gyambon bayansa tana kau da kai. Ayarin komawa kuma ba ya jiran kowa, in ya tashi sai wani makon. Ranar ta uku na yi abin da har yau nake nadama. Na tara maƙwabta huɗu na ce mu ɗauke shi da ƙarfi mu gwada. Muna sunkuyawa ya damƙi wuyan rigar ɗaya da hannun hagu ya fizgo shi har goshinsa ya bugi bango. Sauran suka ja baya. Sai na ga hawaye yana bin kuncin Yaya. Ni tun da aka haife ni ban taɓa ganin haka ba. Na sallami mutanen, na koma bayan gida na zauna. A raina na riga na sallama cewa a rumfar nan zai ƙare.

Safiyar tashin ayari ina ɗaure jakata, ban ma san ko tafiya zan yi ko zama ba, sai na ji hayaniya a lungu. Sahabi ne, da jama'a a bayansa. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya shigo ya zauna a ƙasa gaban tabarmar Yaya, ya sunkuyar da kai.

"Baba, na zo gaishe ka. Kawu ya ba ni labarinka a hanya."

Yaya ya ƙare masa kallo. "Kai ne Turmin?"

"Haka suke ce min."

"Na ji kayenka a rediyo."

"Kowa ya ji, Baba."

Na ga gefen bakin Yaya mai rai ya motsa. Sahabi ya ce an gaya masa akwai wani kamun wuya da mutanen da suke yi, wanda yanzu ya ɓace, yana roƙo a nuna masa. Yaya ya ce shi da hannu ɗaya? Sahabi ya ce an ce da hagu yake farawa. Ya tashi ya yi tsayuwar fili, ƙafafu a buɗe, ya sunkuyo har wuyansa ya zo daidai hannun Yaya. Yaya ya ɗora hannun, ya gyara yatsu a bayan kunnensa, ya ce, "Nan. Ba can ba. Nan." Sannan ya danna.

Sahabi ya tafi ƙasa. Gwiwa biyu, tafin hannu biyu, a cikin ƙasar tsakar gidan Falmata. Wanda bai san kokowa ba, to wannan kaye ne cikakke, ba alƙalin da zai yi gardama. Kuma bai yi saurin tashi ba, ya tsaya a haka har kowa ya gani, har masu salula suka ɗauka.

"Ƙarya kake," in ji Yaya. "Ba ni na kada kai ba. Kai ka kai kanka."

"Gwiwata na ƙasa, Baba, ga shaidu. A hili ba a tambayar dalili." Ya ɗago kai yana nan a durƙushe. "Kuma ka hi ni sani, wanda ya yi kaye ba shi hita da ƙahwarshi. Bisa kahwaɗa ake hidda shi."

Haka al'adar take tun muna yara. Wanda ya kayar, jama'a sukan ruga su ɗaga shi sama su zaga fili da shi. Ni da na girma a bakin fili, kwana uku ina neman dabara, wannan bai taɓa zuwa kaina ba. Yaya ya san wasa ne, Sahabi ya san ya sani, mu ma duk mun sani. Yaya ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya juya wajen matarsa.

"Falmata, ɗauko min hulata."

Sahabi ya sa kai ya ɗora shi a wuyansa, ya riƙe cinyoyinsa, ya miƙe a hankali. Ni na tallafi bayansa da hannu biyu. Haka muka fito lungu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wani ya kifa bido yana kiɗa, ƴan dakon tasha suka bar lodi suka biyo mu suna kiran sunan Yaya. Shi kuwa ya ɗaga hannun hagu sama bai sauke ba har bakin mota. Hoton da kuke gani ke nan. Mai ɗingishi a baya da silifas ɗaya, yana share ido da kafaɗa, ni ne.

Agali ya riga ya keɓe wa Sahabi kujerar gaba don girmamawa. Yaya aka shimfiɗar a wurin, ni a gefensa, Sahabi ya koma saman kaya, wannan karon kan buhunan dabino. Falmata ta tsaya, za ta biyo mu in ta sami mai riƙe mata tebur.

Komawar ta fi zuwan wuya. Kowace tsayawa sai an sauko da Yaya, a juya shi, a wanke shi, a ba shi ruwa da cokali. Sahabi ne mai saukowa da shi da mayarwa, kullum a kafaɗa, kullum sai ya ce, "A ba da hanya, sarki zai sauka." A wata tsayawa muna shan shayi na ce masa hoton nan zai riga mu isa gari, makaɗan abokan hamayyarsa za su sa shi a waƙa, a ce tsoho mai hannu ɗaya ya durƙusar da Turmi, ga shi kuma babbar karawa tana tafe.

"Za su sa," ya ce. "Bara ma sun sa. Wata biyu ban hita kasuwa ba. Da na hita na iske kowa na ta kai da abin da ya dame shi." Ya kurɓi shayi. "Kamun nan kuwa na gaske ne, Kawu. Har yanzu ina jin shi a wuya."

Da hantsi muka iso bariyer ɗin Agadas. Can mutanen Sahabi suke jiransa da mota, don motar kudu da zai shiga ta kusa tashi. Ya leƙo ta taga ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya ce a sa shi a addu'a. Yaya ya ce masa ya tsare ƙafar hagu. Ya ce to. Ya tafi, ban ko karɓi lambarsa ba.

Sai da muka shiga tasha, Agali ya kashe mota, hankalina ya dawo jikina. Yaya yana can sama a kujera, asibiti yana can cikin gari, adaidaita ba sa shigowa sai bakin titi, mai kafaɗar kuma ya tafi. Ƴan dako suka taso suna tambaya ko a taimaka. Na tuna goshin maƙwabcin nan da bango, na ce su dakata. Na sauka na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsa. Duk wahalar nan, na ce a raina, a nan za ta tsaya?

Yaya ya dubi ƴan dakon, ya dubi tashar cike da mutanen da ba su san shi ba. Sannan ya dube ni.

"Idi. Juyo da bayanka."

Na juya. Agali ya zuro shi a hankali, na ji hannun hagu ya zagayo wuyana. Na ƙanƙame ƙafafunsa na shirya wa nauyi, sai na ji babu. Ɗaurin yadin da nake ɗaukowa daga kasuwa ya fi shi nauyi. Ba guɗa, ba kiɗa, goyo ne irin na kowa, mutane suna matsawa suna cewa sannu, Allah ya ba da lafiya. Shi kuma yana amsawa da amin.

Mun yi rabin tashar ya kawo bakinsa kusa da kunnena.

"Kana ƙarami na taɓa goyo ka daga gona har gida," ya ce. "Ka yi min hitsari a baya."

"Ban tuna ba, Yaya."

"Ni na tuna. In na rama, ka yi haƙuri."

Na yi dariya, dariyar ta sarƙe ni. Kafin mu kai ƙofar tasha na ji ɗumi yana bin bayana, yana sauka cikin wandona. Hannunsa ya ƙara matse wuyana. Na gyara masa zama, na ci gaba da tafiya har bakin titi.